Tagar da Ta Sauko wa Dada

Ba jami'a, ba oga, ba wanda ya kama min hannu. Da sakandare kawai na koyi zanen gida a kwamfuta.

Yau ina gwada wata taga da na haɗa a zanen ɗakinmu cikin kwamfutar, wadda in ka matsar da ita, firam da gilashi su bi da kansu. Mahaifiyata, da ciwon ƙafa ya kwantar tun bara, tana leƙowa daga katifarta.

"Buba, tana sauka ƙasa?"

"Har inda kike so, Dada."

"To sauke min. Na yi kewar ganin masu wucewa."

Na sauke, ko gilashi bai goce ba. Gobe birkila zai fasa bangon ɗakinta a unguwar Sintali, ya sauke mata tagar gaske.

A rubuta sunana: Buba ne ya yi. Ku shaida a nan ƙasa, wurin sharhi.