Baƙin Man Gwaggo

Gwaggona ta tsufa tana suyar kifi a ƙofar masana'anta. Ba ta zubar da mai, sai dai ta ƙara sabo kan tsoho har ya yi baƙi ƙirin. Burbushin gindin kasko ne abincinta.

Da ciwon ciki ya kwantar da ita, likita ya ce ƙonannen mai yana tara gubar da ke wahalar da hanji. Ta tsorata, ta canza mai.

Ma'aikata suka yatsina fuska: "Gwaggo, yau kifin nan salam!" Suka koma wajen maƙwabciyarta.

Dole ta koma ajiye tsohon mai. Yanzu ba ta ci, kuma in ta miƙa musu kifin, ba ta iya kallon idonsu.