Karen da Zai Kai Liman Masallaci

Ni na haɗa wannan rigimar, gara in faɗa tun da wuri. A unguwar Tandabawi ta ƙasa mai tsarki aka haife ni, nan uwata take zaune da ciwon gwiwarta, ni ce kuma mai kai ta asibiti. Sai ga mijina Malam, Bazazzagi ne da ya zo karatun fiƙihu, ya kammala, musulmin wata ƙasar Turai can ƙuryar arewa suka aiko masa da takarda suna neman liman. Ya shigo gida baki har kunne. Ni kuwa sai tunanin Inna. In tafi in bar wa wa tsohuwa? Amma na kasa cewa ba na so, don na ga irin wahalar da ya sha kafin wannan takarda ta zo.

Sai na ɓullo ta bayan gida. Na samo wani bidiyo a waya: Bature tsaye kan siraran katakai biyu, igiya a ƙugunsa, kare na jan sa a guje bisa dusar ƙanƙara.

"Malam, ka ga yadda ake zuwa masallaci a can," na ce. "In sanyi ya shigo mota ba ta tafiya. Liman ma kare ne ke kai shi Asuba."

Na zaci zai ja a'uzubillahi a rufe maganar. Ina! Sau uku ya kalla, ya shafa gemu ya ce, "To, sai a koya."

Kwana biyu yana juya littattafai. Ya ga karen farauta, ya ga na kiwo, ya ga na gadi, bai ga babin karen jan liman ba. A ƙarshe ya ce larura ce. Daga nan sai neman katako. Wani abokinsa ya fassara masa bayanin Baturen: katakon ya ɗara tsayin mutum da kamar taƙi ɗaya, ya zama siriri, a goga masa kaki ya yi santsi.

Muka tafi unguwar Ka'akiyya wurin wani tsohon kafinta ɗan Damagaram, wanda rabin aikinsa gyaran makara ne. Ya saurara, ya ɗauko igiya ya ce, "Kwanta in auna ka."

"Haba Baba, da raina?"

"Ni haka na iya awo, Malam."

Suka yi ta ja-in-ja. Malam na so a yi masa mai faɗi kamar allo don kada ya faɗi, Baba ya ce in faɗi yake so ga ƙyauren banɗaki nan ya ɗauka. Wallahi sai da mijina ya miƙe a kan benci, idonsa a buɗe tar yana karanta Ayatul Kursiyyu. Aka kafa wa katakan tsofaffin takalmansa sau-ciki da ƙusa. Kaki ne ba mu samu ba, na ce ai kitsen wutsiyar rago ma santsi ne da shi. Na narka, na shafe su tas. Allah ya sani, wannan kam ba da mugunta na yi ba.

Ranar Alhamis bayan La'asar muka fita bayan gari, inda wani Buzu ke kiwon tumaki kusa da tudun yashi. Ya ba mu aron karensa yana ta kallonmu kamar mun taɓu. Malam ya tattare jallabiya, ya zura ƙafafu, aka ɗaura masa igiya a ƙugu.

"Yalla!" in ji Malam. Kare ya yi hamma.

"Bismillah, bawan Allah, mu tafi."

Sai iska ta kai wa karen ƙanshin kitse. Ya juyo, ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya, ya hau lasar katakan, daga katako ya haura idon sawun Malam. Wayyo! Malam na ihu, "Alwalata! Ku kama shi!" Ya so ya ja da baya, katako ya hau kan katako, igiya ta naɗe ƙafafu, sai ji kake tim, liman a ƙasa, hula can. Buzu ya durƙusa yana riƙe ciki. Ni ma na yi dariya har da hawaye, sai na ga Malam bai tashi ba, yana dafe da ƙugu.

Na ruga. Gemunsa duk yashi. Tausayi da kunya suka kama ni lokaci ɗaya, na ce, "Malam, ka yafe mini. Ƙarya na yi maka, akwai mota a can."

"Na sani, Hajiya," ya ce yana nishi. "Har hoton motar masallacin sun turo mini."

"To don me ka wahalar da kanka haka?"

"Jira nake ki buɗe baki ki ce ba za ki iya barin Inna ba. Sati biyu ina jira. Na zaci a wurin kafinta za ki ji tausayina."

Na zauna dirshan a yashin ina kuka, na faɗa masa da bakina: ba zan iya ba.

"To shi ke nan, ba ma zuwa," ya ce. "Yanzu don Allah cire mini ƙafa daga cikin abin nan."