Mai Shayar da Doki a Bobin na Uku

Cikin duk shekarun da na yi ina juya inji a silima a Garwa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce Asabar ɗin da wani dattijo mai kwat ɗin soja ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ku da kuke danna maɓalli hoto ya fito, sai na fara yi muku bayanin yadda aikin yake, in ba haka ba za ku ɗauka tsoron banza muka ji.

A farkon shekarun saba'in ne, da damina. Fim yana zuwa mana daga Duwala cikin gwangwanaye, kowane gwangwani da naɗi ɗaya, shi muke kira bobin. Ni ne opereta, ina ɗakin inji a sama ina sa bobin ina cirewa, in ya tsinke in manne. Sama da ni sai patoron, mai silimar. Fina-finan kaboyi duk da Faransanci suke zuwa, mu kuwa masu cika mana benci mahauta ne da dillalan shanu, waɗanda Faransancinsu bai wuce na gaida jandarma ba. Shi ya sa Ɗanjuma ya zama dole. Mahauci ne, da safe yana fawa, da la'asar ya zauna a bencin gaba yana ba mutane labarin abin da ake faɗa, da Hausa yana surkawa da Fulatanci. Patoron ba ya karɓar kuɗin tikiti a hannunsa, don rabin jama'ar bakinsa suke zuwa saurare.

Ba wanda ya san sunan 'yan wasan nan na gaskiya, fuska muka sani. Akwai dogo mai runtse ido, duk fim ɗin da ya fito shi ne akta, wato jarumin fim ɗin. Akwai mai ƙasumba da aka rataye a wani fim, bayan wata biyu ya dawo da ransa yana sayar da giya a wani, mahauta suka ce ai dama sun san irinsa ba ya mutuwa. Ɗanjuma kuwa al'adarsa ita ce ya raba musu muƙaman garinmu. Attajirin kiwo ya zama Alhaji, alƙali ya zama alƙali, mai tauraro a ƙirji kuma ya zama Komisar, wato shugaban 'yan sanda.

To, sai aka kawo mana wani fim da mai tauraron ne azzalumin. Alhaji ya saye shi, yana korar manoma daga bakin rijiya, har akta ya iso garin a kan dokinsa. Ɗanjuma ya samu abin da yake so. Yana cewa "Komisar ya karɓi na goro," sai ɗaki ya ɗauki dariya har in ji ta cikin ƙarar inji. Ni dai ban yi dariya ba. A zamanin nan, in aka ce an wuce da mutum gidan yarin Tcholliré, ba a tambayar ranar dawowarsa, kuma mutane sun tafi a kan maganar da ba ta kai wannan ba.

Ta 'yar tagar da haske ke fita na fara lura da dattijon. Kwat ɗin soja tsohuwa a jikinsa cikin zafin Garwa, ya zauna daidai bayan Ɗanjuma, ya karkato kunne. Ba ya dariya, ba ya cin gyaɗa, ba ya magana da kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ana tsakiyar bobin na uku sai ya tashi ya fita. Wa zai sayi tikitin kaboyi ya tafi kafin harbe-harben ƙarshe? Sai wanda ya gama jin abin da aka aiko shi ya ji. Washegari ya dawo, wuri ɗaya, ya kuma fita a lokaci ɗaya. Rana ta uku ma haka.

Na samu patoron a ofis na gaya masa. Ya rufe ƙofa kafin ya amsa.

"Wa ya kawo shi?"

"Ban sani ba, Patoron."

"To wani ya kai magana. Ka lura da mai tikiti, ƙanin matarsa ɗan sanda ne."

Na fito ina kallon mai tikiti a karkace, daga baya na ji shi ma an ce masa ya lura da ni. Haka muka yi kwanaki, ana gaisawa da baki, ido yana wani aiki.

Ɗanjuma da ya ji, ya sauya baki. Komisar ya koma "mai tauraro". Sai wani dillali ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ɗanjuma, ina Komisar ɗinmu na jiya? An yi masa canjin wurin aiki ne?" Aka yi dariya, dattijon bai motsa ba. Ranar Alhamis Ɗanjuma bai zo ba, bai kuma fita fawa ba. Matarsa ta ce ya tafi Bibemi duba ɗan'uwa, alhali yana ɗakin ajiyar fata a bayan mahauta, yana jiran motar da za ta fitar da shi daga gari. Mutum mai 'ya'ya shida, zai bar teburinsa na kasuwa da gidansa saboda suna ɗaya da ya raɗa wa Bature a bango.

Ranar Asabar da azahar ina goge inji, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga kwat ɗin soja. Na ja baya na ba shi hanya.

"Sannu da aiki, ɗana. Kai ne mai haska hoto?"

"Ni ne, Baba. Lafiya?"

"Mai bayanin nan nake nema. Kwana biyu ban gan shi ba."

"Ban san shi ba sosai," na ce. Ni da muka ci tuwo kwano ɗaya da Ɗanjuma.

Ya nemi wuri ya zauna a kan akwatin gwangwanaye. Ya ce sunansa Bulus, mutumin dutse ne, yanzu yana noma kusa da Ngong, ya kawo gyaɗa kasuwa ne wani ya ja shi silima. Hausarsa ta kasuwa ce, yana yi yana neman kalma.

"Akwai baƙin mutum a ciki," ya ce, "wanda ke ba dokin dogon nan ruwa. Yana faɗin magana. Na zauna bayan mai bayani don in ji, amma duk lokacin da ya zo wurin sai ya tsallake. Manya kawai yake fassarawa."

Sai da na yi tunani kafin na tuna shi. Na haska fim ɗin sau da yawa, ban taɓa kallon mutumin ba. Yana fitowa ne daga barga da bokiti, ya yi magana ɗaya, ya juya baya ya tafi.

"Me ya haɗa ka da shi, Baba?"

"Ɗana Iliya ya bi sojan Faransa tun kafin 'yancin kai. Wannan kwat ɗinsa ce, ya bar mini ita a zuwansa na ƙarshe. Kafaɗarsa ta hagu a sauke take, saboda ɗaukar dutse da muka yi muna gyara gona yana ƙarami. Mutumin nan in ya juya baya, haka yake tafiya. Kuma Faransanci yake yi."

Na gaya masa gaskiya. Na ce mutumin ɗan wasa ne a wata ƙasa mai nisa, muryar ma ba tasa ba ce, wani ne ya ɗora ta daga baya. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani.

"Ban ce shi ne ba, ɗana. Ina so dai in ji abin da ya ce."

Da na iya gaya masa a take, don ina jin Faransanci. Amma ya ce a'a, a wurin yake so ya ji, lokacin da bakin mutumin ke motsi. Tausayinsa ya kama ni, duk da haka wani gefe na zuciyata yana cewa ai 'yan leƙen asiri sun iya labari.

Ɗanjuma ma haka ya ce da na same shi cikin warin fata.

"Kai ka yarda, Opereta? In tarko ne fa?"

"Ban rantse maka ba. Na dai ga hannunsa, na mai fartanya ne."

"Hannu ai ba ya hana kunne ji."

Na bar shi ban san abin da zai yi ba. Lahadi ce ranar ƙarshe, Litinin gwangwanaye za su koma. Da na leƙa ta taga kafin in kunna inji, sai ga shi a bencin gaba, ya ja hula har gira, dattijon yana bayansa. Bobin biyu ya yi yana bayani kamar mai ba da shaida a kotu, ba daɗi ko kaɗan. Da mai bokiti ya fito daga barga, na rage ƙarar inji iya yadda zan iya, sai na ji muryar Ɗanjuma ta dawo yadda na san ta.

"Wannan Iliya ne, ɗan dutse. Ya ce dokin nan daga nesa ya zo, a bar shi ya sha. Ya ce shi ma daga nesa ya zo, kuma lafiyarsa ƙalau."

Rabin farko na maganar ne kawai ke cikin fim ɗin, sauran Ɗanjuma ne ya ƙara. Wani mahauci ya ce, "Wane Iliya kuma?" ba wanda ya kula shi. Dattijon ya sunkuyar da kai cikin kwat ɗinsa, kuma ranar bai fita ba sai da aka kunna fitilu. Da akta ya harbe mai tauraro, ɗaki ya jira Ɗanjuma ya ce Komisar ya faɗi, shi kuwa ya ci gaba da tauna goronsa.

Ba wanda ya zo kama kowa. Ɗanjuma ya koma teburinsa, amma har ya daina bayani ban sake jin Komisar a bakinsa ba, kuma har ya rasu yana cewa bai tabbata da dattijon nan ba. Abin da ya sauya shi ne, daga ranar duk mai shara da mai dafa abinci da mai riƙe doki sai ya ba shi suna ya faɗi maganarsa. Abin da na koya ke nan a aikin nan: mu ma'aikata akta da azzalumi muke kallo, kuma da irin idon nan muke kallon mutanen benci. Baba Bulus bai sake zuwa ba. Amma duk fim ɗin kaboyin da na haska bayan nan, in wani ya ratsa da bokiti, sai na duba kafaɗarsa ta hagu.