Dalarmu da Dalarsu

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ni malamin awon auduga ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa, kuma a ganina duk ƙasar Katsina babu wanda ya kama ƙafata a lissafi. Fensir ba ya barin bayan kunnena. Wannan taƙamar ce ta kusa jawo wa mahaifiyata asarar da ba ni da abin biyanta.

Inna 'yar Tasawa ce, a ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran Nijar a lokacin. Aure ne ya kawo ta kudu. 'Yan'uwa uku suka rage mata: ƙane a Maraɗi, ƙanwa a Tasawa, sai yayarsu a Damagaram, wadda ta goya ta bayan rasuwar uwarsu. Shekara talatin rabonta da Yaya. Da mahaifina ya rasu ta fita takaba, na yi mata alkawari in an rufe kasuwar auduga zan kai ta ta ga su ukun.

Na aika wa Kawu na Maraɗi wasiƙa ina tambayar kuɗin mota. Amsa ta zo da ajami ta hannun wani ɗan goro: Maraɗi zuwa Tasawa dala talatin, Tasawa zuwa Damagaram dala arba'in, mutum ɗaya. Na juya bayan takardar awo na zana garuruwan a jere. Masauki ba matsala, gidan dangi za mu kwana. Guzuri kuwa Inna ta riga ta fara dakan dakuwa. Saura mota. Dala dai kowa ya sani sule biyu ce. Mu biyu, zuwa da dawowa, lissafi ya ba ni fam ashirin da takwas. Abin da na tara fam shida ne. Na sake bugawa har sau uku, sannan na ja layi a kan Damagaram, na ja a kan Tasawa. Ban tambayi kowa ba, don kada a ce malamin awo ya zo neman a koya masa ƙidaya.

Da na gaya wa Inna iyakarmu Maraɗi, sai ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Da ma ta yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Mun sauka Jibiya ranar jajibirin kasuwa, domin sai kasuwa ta ci ake samun motar Maraɗi. Wata mai tuwo a bakin tasha, dattijuwa mai ƙatuwar murya, ta ba Inna wurin kwana, ni na raɓa a zaure. Da hantsi ina zaune ina cin ɗumame sai na ga Inna ta zaro wani baƙin zanen saƙi daga ƙasan kayanta. Na san shi. Da hannunta ta kaɗa zaren, damina biyu tana yi. Ta tambayi mai tuwon ko ta san wani mai amana da zai wuce Damagaram, ya kai wa yayarta.

"Ke da kin taho har Jibiya, mi za ya hana ki kai mata da hannunki?"

"Kuɗin mota. Yaron nan ya lissafa, fam ashirin da takwas."

Matar ta ajiye marar tuwo. "Hwam nawa? Jirgin sama za ku shiga, ko motar za ku saye?"

Raina ya ɓaci. Na fito da takardata na shiga yi mata bayani dalla-dalla, irin yadda nake yi wa manoma in sun yi gardamar sikeli. Ban kai ƙarshe ba ta fashe da dariya har da tari. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye dalarmu a tafin hannuna, ta ɗora wata 'yar takarda da ta sha hannu a gefenta.

"Wagga ita ce dalarku, sule biyu. Wagga kuma dalar Hwaransa, tamma biyar. Sai ka tara kusan goma nata kahin ka samu taku guda. Kawun naka da wace dala yaka cin kasuwa?"

Na ce ai a makaranta dala ɗaya aka koya mana.

"To Malam, makarantarku nan Jibiya ta tsaya."

Na sunkuyar da kai na sake lissafi. Ko fam uku bai cika ba. Kunya ta rufe ni, na kasa duban Inna. Ita kuwa sai ta karɓi zanenta ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, hawaye na sauka a kansa.

Daga nan mai tuwo ta karɓe shirin tafiyar daga hannuna, ni kuma na bar mata. Ta ce kada in canji kuɗi a bakin tasha, in je rumfar 'yan goro. Ta ce a Maraɗi mu jira motar gyaɗa, ta fi arha, in roƙa wa Inna gidan gaba. Ta ce in mun isa duwan, wato masu binciken kaya na can, in cire fensirin nan daga kunne in rage Turanci. Duk na bi, duk kuma haka muka tarar. Abu ɗaya ta manta ta gaya mana: ana ƙetare iyaka direba ya koma hannun dama, Inna ta ƙanƙame ni tana salati, a zatonta barci ya ɗauke shi.

Kwana huɗu muka yi a Maraɗi, biyar a Tasawa, inda aka yi ta kuka da dariya ana yanka mana zabi. Amma hankalin Inna yana gaba.

A Damagaram muka tarar Yaya ta makance, tana kwance a kan tabarma. Babu wanda ya rubuto mana wannan. Inna ta durƙusa, tun kafin gaisuwa sai ta ɗora mata zanen a cinya. Tsohuwar ta bi shi da yatsu a hankali, ta tsaya.

"Wanga zare kaɗin ƙanwata ne. Har yau ba ta bar yin kauri wurin haɗi ba. Wa ya kawo shi?"

Inna ta kamo hannun ta ɗora a fuskarta.

Yaya ba ta ga ƙarshen daminar shekarar ba. A hanyar dawowa na kai wa mai tuwo dabino da cuku, ta karɓa tana tambayata ko an ƙara mini aji. Ban sake ganinta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a tare da iyayena. Ba don ita ba, zaren kawai Yaya za ta shafa.