Ƙwayar Wake Ashirin da Uku ta Doña Nereida

Kullum kafin ƙarfe bakwai na safe Doña Nereida Encarnación ta riga ta share ƙofar gida, ta dafa gahawa, ta zauna a kujerar nan tata mai lilo da waya a hannu. A gefenta akwai tsohon gwangwanin madara cike da 'yan takardu, kowace ɗauke da sunan mutum ɗaya. Sai ta girgiza, ta zaro guda, ta danna waya ta ce, "Tsofaffin banza, kun tashi? Yau ranar wane ce. A yabe shi, amma kada a lalata mana shi." Shekara shida ke nan tana haka a zaurenmu na WhatsApp, mu ashirin da uku ban da ita, tsofaffin masunta da matan da teku ta cinye mazajensu. Ba mai ba ta ko peso ɗaya.

Ni ne Anacleto Féliz, wanda duk gaɓar Barahona ta sani da Cleto. Ban taɓa zaman aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Wannan ma faɗa nake yi, Doña Pura tana rubutawa, ita da ta yi shekara talatin tana koyarwa, na kuma gargaɗe ta kada ta rage mini kalma. Guguwar teku uku na tsallake. Na yi kwana biyu a kan kifaffen kwalekwale. Kifin shak mai kamu bakwai ya cafke ni a cinya, ni na dawo gida, shi bai koma ba. Na faɗi haka ne don ku san ba ƙaramin mutum ke jinjina wa matar nan ba.

Dokar wasan ba wuya. Wanda aka zaro sunansa, kowa sai ya aiko saƙon murya ya faɗi yadda yake ganinsa, yabo da ɗan yaji a ciki, shi kuma ya rama. An taɓa cewa muryar Doña Pura tana da daɗi har karnuka ke gudu su bar mata fili. An ce Casimiro, wanda muke gasar kamun kifi da shi tun muna samari, kyakkyawa ne in an hango shi daga nesa cikin ruwan sama. Ni na faɗi wannan. Na sha gaya wa Nereida wasan nan na marasa aikin yi ne. Sai ta ce, "Ai shi ya sa muka fara sa sunanka, Don Cleto."

Wata Talata a watan Oktoba sunana ya fito. Ruwa ya kwana yana zuba, na rufe tagogi ruf. Gidana ne na ƙarshe a kan tudu, ƙetaren rafi, ni kaɗai tun rasuwar matata. Na ɗora gahawa a kan gas, na juya ke nan, santsin ruwan da rufi ya ɗigo ya kwashe ni. Na ji ƙashin ƙuguna ya ce ƙas. Ina kwance gahawar ta tafaso ta kashe wutar, gas kuwa ya ci gaba da fita yana huci kamar maciji. Wayata tana kan tebur, taku huɗu tsakaninmu. Ni da teku ba ta iya da ni ba, taku huɗu suka gagare ni.

Can sai wayar ta fara ƙara, saƙo na bin saƙo. Na san ni ake yabo. Sai daga baya a asibiti na saurari abin da suka faɗa, yana nan a wayata har yau.

Casimiro ne ya fara. "Cleto mutumin kirki ne. Kunnuwansa kaɗai sun isa su tura jirgi in iska ta yi kyau."

Doña Pura ta ce, "Ranar da na fara ganinsa na ɗauka shugaban ƙasa ne. To, shi ya gaya mini haka."

Aka yi ta dariya, kowa ya jefa nasa. Bakwai da rabi ta yi, ban ce uffan ba.

Casimiro ya dawo. "Tsoho ya yi zuciya! Compadre, aminina, fito mana, kunne kawai muka taɓa, ba mu zo kan hancin ba tukuna."

Wani ya ce ruwa ne ya ɗauke sabis a tudu. Nereida ta ce a'a, saƙo yana shiga. Ta kira ni sau biyu. Ina jin wayar tana kuka, ina ihu, ruwa yana dukan kwano yana haɗiye muryata.

"Ki ƙyale shi, Doña," in ji Casimiro. "In ya kumbura ba ya ɗaukar waya, sai dai ya zauna yana sauraronmu yana cije baki. Kin manta bara?"

Gaskiya ya faɗa, na yi haka bara. Da wani ne ke riƙe da zauren, da nan maganar ta mutu, ni ma na bi ta.

Sai Nereida ta yi magana, muryarta a sanyaye kamar ba komai. "To bari in yi nawa yabon. Don Cleto jarumi ne. Guguwa ɗaya ya tsallake. Kifin da ya cije shi kuwa bai fi kamu ɗaya ba, ni na gan shi da idona, ko miya bai isa ba."

Kowa ya san halina. Limaminmu Fada ma ya taɓa cewa guguwa biyu a coci, na miƙe tsakiyar huɗuba na gyara masa. Minti biyar ta jira tana duban agogo. Da ta sake magana, muryar ba ita ba ce.

"Casimiro, sa takalminka."

"Haba Doña, rafi fa ya cika..."

"Mutumin nan ko a bakin kabari yake sai ya gyara mini lissafi. Bai gyara ba. Na ce sa takalminka!"

A lokacin kaina ya fara juyawa, harshena ya yi nauyi. Na ja jiki da gwiwar hannu na kai hancina ƙasan ƙofa, inda 'yar iska ke shigowa. Ban ji tsoro ba. Doña Pura ta ajiye biro tana kallona. To, rubuta: na ji tsoro.

Mace mai shekara saba'in da ɗaya, ga ciwon gwiwa, ta ƙetare rafi ruwa har ƙugu, tana riƙe da bel ɗin Casimiro. Da suka iso ƙofata shi yana da sigari a baki, da wutarsa. Ita ta fara jin warin. Ta kai masa mari, sigarin ya faɗa cikin taɓo. "Za ka tashe mu duka, jaki!" Suka ɓalle ƙofar da tsohon filafilin kwalekwalena, ta toshe hanci da gefen riga, ta tsallake ni, ta murɗe kan tukunyar gas ɗin, ta bankaɗe tagogi. Casimiro ya durƙusa kusa da ni, ya ce, "Compadre, ashe kana da rai? Ni har na zaɓi hular da zan gada."

Bayan an kai ni asibiti ne Doña Pura ta shiga gidan Nereida ta ga kwanoni biyu a kan tebur. Ɗaya da ƙwayar wake ashirin da biyu, ɗaya da guda tal. Ni ne gudan nan. Ashe duk muryar da ta ji da safe sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta mayar ɗaya kwanon, ba ta tashi daga kujera sai na farkon ya zama wayam. Ta haka ta taɓa gano wata gwauruwa cikinmu, Eduviges, kwance da zazzaɓi, muka ɗauka katari ne. Ta san babu tsohon garin nan da zai yarda a riƙa tambayarsa kullum ko yana numfashi. Amma a ce zo ka tsokani Casimiro, wa zai ƙi?

Ke ce uwar zaure, Nereida. Ke ce kika ƙirga mu shekara shida ba mu sani ba, kika bar mu muna ɗaukan wasa ne don kada girmanmu ya zube. Kin san mai fushi, kin san mai barci, kin san wanda shirunsa ba na lafiya ba ne.

Ƙarshen watan nan za ta koma Santiago wurin 'yarta, yanar ido ta hana ta karanta sunayen. Doña Pura ta karɓi gwangwanin. Ni na karɓi waken, don ƙirga ashirin da uku ba ya bukatar makaranta, kuma babu wanda zai ƙirga su kamar ni. Ku kuma masu karatu, duk wanda yake cikin wani zaure ana raha, ya riƙa lura da wanda bai yi dariya ba yau. Kada ya ce fushi ne. Ya sa takalmi.

Na gode, Doña Nereida. Kifin nan kamu bakwai ne, duk Barahona ta sani, kuma wanda ya rage ko ɗan yatsa zai gamu da ni da sandata. Amma ke, ke kaɗai a duniya, na yarje miki ki ce kamu ɗaya.