Ƙuri'ar da Na Cinye

Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Badariya takan zauna kafin damina ta zaɓi buƙata ɗaya tak da za a kai wa hukuma. A da goma muke kaiwa, mu dawo da godiya.

Da farko ɗaga hannu ake yi, sai aka lura kowa hannun surukinsa yake kallo. Sakatarenmu, tsohon malamin makaranta, ya kawo dabara: a aje ƙwarya biyu bayan zana, a ba kowa dabino guda ya je ya jefa a ɓoye. Ni da karatuna ya tsaya a aji biyu na ji daɗin wannan tsari.

A wata shekara, ƙwarya ɗaya ta injin ban ruwa ce, ɗaya ta kwalbati a hanyar fadamar Zauro, inda ruwa ya ci hanya, na faɗa da babur har sau uku. Sati biyu ina bin gidaje ina nuna tabon gwiwata don kwalbatin nan.

Ranar zaɓe aka raba dabino, shugaba ya tashi jawabi. Ya faro daga zamanin kakanni. Kafin ya iso zamaninmu na cinye ƙuri'ata ban sani ba. Da na shiga bayan zana, ƙwallon na fiddo daga baki na jefa.

Aka juye, dabino ya yi kunnen doki. Sai ga ƙwallo ɗaya a ƙwaryar kwalbati, biyu a ta inji. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Gardama ta kai mu la'asar. Wasu suka ce ƙwallo shara ne, wasu suka ce niyya ake dubawa. Daga bisani aka yanke cewa za a ƙirga ƙwallon da mai shi ya tashi ya amsa.

Na miƙe na ce, "Malam sakatare, wanga nawa ne."

Taubashina ya ce, "Zauna, tsoho. Ko ba ka tashi ba mun sani."

Aka jira masu ƙwallo biyu. Shugaba ya duƙufa yana gyaran hula, wani Alhaji ya ce bari ya sabunta alwala. Babu wanda ya tashi. Sakatare ya ja biro ya rubuta kwalbati.