Farar Takardar da Na Yage a Gidan Japanawa

Matar da ta samo mini aiki a gidan Japanawan nan ta cuce ni, kuma har yau ban janye wannan maganar ba. Ta gaya mini albashi, ta gaya mini ba sa ajiye kare, ta ce su za su riƙa sabunta mini biza. Abu ɗaya ta ɓoye: akwai wurin bauta a falonsu.

Gidan yana unguwar Port Saeed, a ƙasar wajen da na zo neman kuɗi, hawa na tara, ta taga kana hango jiragen ruwa na katako ana loda musu kaya. Maigidan yana harkar kayan gyaran mota. Matarsa tana gida, lokacin da abin nan ya faru tana da tsohon ciki. Nawa shara ne da guga da wanke-wanke. Tun ranar farko na ga wata 'yar kanta can sama kusa da silin, an ɗora mata ɗan ƙaramin gida na farin katako, da rufinsa da ƙofarsa. A gabansa ƙananan kwanuka, na shinkafa, na gishiri, na ruwa. Kullum da safe madam takan canja su, ta rusuna sau biyu, ta tafa hannu sau biyu, ta sake rusunawa. Ni ba yarinya ba ce, na gane abin da nake gani. Wata bakwai ina goge ko'ina ban da wannan kusurwar, ita ma ba ta taɓa cewa in taɓa ba.

Sai aka yi wa falon fenti. Masu aikin suka tafi suka bar takardu da salatif manne a ko'ina. Ranar Litinin na zo ina bi ina ɓamɓarewa, na ɗaga kai na ga farar takarda ta rufe fuskar ɗan gidan. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su iya gama aiki ba. Na jawo kujera na hau, na fizge ta, na dunƙule, na jefa a kwandon shara.

Madam ta fito daga ɗaki, idanunta a kumbure. Da safe na ga hakan, na ɗauka mura ce. Ta dubi sama, ta dafe bango.

"Wa ya cire?"

Turancinta gurgu ne, nawa ya fi nata gurguntaka. Sai da na haura talatin da biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, Turancin kuwa a bakin aiki na tsince shi. Amma na ji tambayar sarai.

"Ni ce, madam. Ta masu fenti ce."

"Babana ya rasu ranar Asabar," in ji ta.

Na yi salati a fili. Ashe tafiyar da maigida ya yi ta jana'iza ce, ita kuma likita ya hana ta hawa jirgi.

Ta zauna a ƙasa ta fara bayani, ba ta ko kallona. Ta ce addininsu na gargajiya sunansa Shinto. A garinsu akwai wurin ibadarsu a gindin tsauni, cikin manyan itatuwa, ba wanda ya san farkonsa. Ana shiga ta wata jar ƙofa wadda ba ta da marfi, ba ta da katanga. Kafin ka matsa sai ka wanke hannu ka kurkure baki. Can ake kai jariri in ya yi wata guda, can manoma suke kai shinkafar fari, can gari duka yake taruwa ranar sabuwar shekara. Ta ce wurin ibada mafi girma a ƙasarsu ma, duk shekara ashirin ake sake gina shi sabo fil, yadda yake tun na kakanni. Babanta tun yana saurayi yake share matakalar na garinsu. A cikin ɗan gidan nan na falo akwai wata takarda daga can, shi yake aiko mata da sabuwa kowace shekara.

A wurinsu mutuwa ƙazanta ce ga irin wannan wuri. In an yi rashi sai a rufe ɗan gidan da farar takarda har kwana hamsin, kuma mai makoki ba ya taɓawa, sai bare. Wata 'yar ƙasarsu ce ta liƙa mata, ita ma jiya ta yi tafiya.

Sai yanzu ta dube ni. "Ke ba danginmu ba ce. Ke za ki mayar."

"Madam, ni Musulma ce."

Ta ce in tafi gida, gobe ma yi magana. Bizata saura wata biyu, kuma sa hannun mijinta take jira.

Na koma masaukina a unguwar Naif bayan la'asar. Ɗaki ɗaya muke da wata 'yar kasuwa daga Kano mai sarin jakunkuna da takalma, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Na same ta tana ɗaure kaya, na zayyana mata komai.

"Oh ni 'yasu! Kin zo neman halal, kin ɓuge da zama ladanin gunki?"

"Yaya, ba wasa nake ba."

"To khalas, shi ke nan, ki bar aikin. Zo ki riƙa ɗaure mini kaya."

"Ke za ki yi mini biza?"

Ta ci gaba da jan igiya. Can ta ce, "To ki liƙa musu abarsu, ki dawo ki yi ta istigfari."

"Ni ba na yin abu da niyyar in tuba daga baya."

"Ke dai wuyar sha'ani gare ki. Shi ya sa kike ramewa."

Na ƙi cin abinci. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, in na hau kujerar nan don tsoron biza, to na sayar da wani abu da ba na sayarwa ba ne. In kuma na ƙi, na bar mace mai ciki, wadda ba ta ga gawar ubanta ba, da ɓarnar da hannuna ya yi. Ni ba malama ba ce, ba kuma fatawa nake ba kowa ba. Na dai tambayi kaina, me aka ce in yi? Ba a ce in roƙi abin ba. An ce in rufe shi. Na yi ta juya wannan har na tabbata ba tsoro ne yake ba ni amsa ba.

Washegari na tsaya a shagon kayan rubutu na sayi farar takarda. Madam ta buɗe mini ƙofa, ban ko ajiye jaka ba na ce mata, "Zan mayar da abin da na cire, saboda ni na cire. Amma ba zan rusuna ba, ba zan tafa hannu ba. Shinkafa da ruwan nan ba za su bi ta hannuna ba, yau ko bayan kwana hamsin. In hakan bai yi miki ba, ki kira maigida ya soke bizar."

Ta je ta jawo kujerar, ta riƙe ta da hannu biyu. Na cire takalmina na hau.